Shekarar da Takwarata Ta Ƙi Cin Abinci

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidan nan, domin tsufa gwiwoyina ya kama, bai taɓa kunnuwana ba. Ana cewa Hajiya ta ɗauki marainiya, jinin gidan nan, ta kai ta Kano ta miƙa wa Turawa da hannunta. Har jikokin da ba a haifa ba a lokacin na ji suna maimaitawa, wai aikin koyarwa da na yi ne ya busar min da zuciya. To, ku zauna ku ji. Ba afuwa na zo nema ba, kuma ban ce dole kowa ya yarda da ni ba. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da yake wannan ba mai daɗi ba ce.

Babban yayanku, wanda har yau ba zan rubuta sunansa ba domin shi ne ɗan farina, fata ce ta kai shi Italiya. Tun yana saurayi yake bin dillalan fatu a kasuwar Azare, daga nan ya koma wajen masu jima a Kano, daga Kano wani ubangidansa ya tura shi can inda ake sayen kayan. Ya zauna, ya auri wata Baturiya mai suna Luciya, suka haifi 'ya ɗaya tal. Sunana ya sa mata, Hauwa'u, su kuma can suna kiran ta Eba. A farkon wata damina ya sauka a ƙofar gidan nan riƙe da hannun yarinyar, lokacin ta fara famfara, haƙoranta na gaba biyu babu. Ya ce hutu suka zo, matarsa ta tsaya jinyar mahaifinta. Ni kuwa tun daga yadda ya sauko daga mota, da idanun nan nasa da suka koma rawaya, na gane gida ya zo ya mutu. Ciwon hanta ne, kuma bai gaya wa matar tasa iyakar inda ya kai ba.

Ku yaran yanzu da kuke rungume 'ya'yanku na fari kuna ɗaukar hoto, ba za ku gane abin da zan faɗa ba. A Shira na tashi a hannun kakata Bafulatana, kuma a wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama kusa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Haka na rayu da yayanku, haka kuma na yi jinyarsa. Ni nake dama masa kunu, ni nake tace romo, amma ƙanwarsa Binta nake ba wa ta kai. Sai in tsaya bayan taga ina sauraron ƙarar cokali, in ji ko ya sha. Wani lokaci ya ji motsina ya ce, "Hajiya ce?" In ce, "Allah ya sawwaƙe," in wuce. Shi ya san abin da ke cikin wannan kalma, domin ɗan gida ne. Ranar da aka fita da shi ban zubar da hawaye a gaban kowa ba, mata har suna yaba min haƙuri. Ban lura da cewa akwai wasu ƙananan idanu da ke kallon duk wannan ba, kuma babu wanda ya taɓa yi musu bayani.

Bayan addu'ar bakwai, Sale, mai bi wa marigayin, ya tara mu ya ce yarinya ta zo gida kenan. Ya ce jininmu ce, Musulma ce 'yar Musulmi, ba za a mayar da ita inda za ta tashi ba ta san alƙibla ba. Ya karɓi fasfonta ya kulle a ɗakinsa. Idan uwar ta bugo waya, shi ke amsawa da Turanci, yau ya ce sai an yi arba'in, gobe ya ce hanya ba kyau. Daga baya ya hana a ba yarinyar wayar, wai duk lokacin da ta ji muryar uwar sai ta wuni tana kuka. Kada in ɓoye muku, ni ma na so hakan. Goshin ubanta ne da ita, da tafiyarsa. Na ce a raina wanda al'ada ta hana ni riƙewa, ga shi Allah ya dawo min da shi a jikin da ba ni da kunyarsa, domin jika ba a jin kunyarta. 'Yan gidan ba sa iya kiran sunana, sai suka sa mata Ummi, kuma ba ta taɓa waiwayowa da aka kira ta da shi ba.

Sai ta daina cin abinci. Ba da rigima ba, ba da ihu ba. A ajiye mata tuwo ta kau da kai. A kawo shinkafa, dambu, fura da nono mai kyau daga ruga, tsire mai zafi daga bakin tasha, duk ɗaya. Ruwan shayi kawai take kurɓa, wani lokaci ta gutsuri gefen biskit. Ba ta jin Hausa, Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, mu kuma babu mai jin yarenta. Aka ce maita ce, aka ce iska ce, aka ce uban ne ke kiran ta. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi har ɗakin ya koma kamar kicin. Rannan matar Sale da wata maƙwabciya suka ce a yi mata ɗura irin ta jarirai. Suka kwantar da ita a kan cinya, ɗaya ta danne hannuwa, ɗaya ta toshe hanci tana zuba kunu da tafin hannu. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ni take kallo, ina tsaye a bakin ƙofa, har suka gama, sannan ta amayar da shi duka a kan tabarma. Na ga abubuwa da yawa a duniya, amma wannan kallon har yau yakan hana ni sakewa.

Da zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, sai ga mu a asibiti ana ƙara mata ruwa. Hannunta ya koma kamar sillen kara, sai da aka sha wahala kafin a sami jijiya. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rifkatu ta ja ni gefe.

"Mama, maganin zazzaɓi muna da shi," in ji ta. "Amma jikin da babu abinci ba ya riƙe magani. In ta sake kwanciya a haka, ban ce miki za ta tashi ba."

Na ce, "To ya zan yi, 'yata? Ko tambayar ta me take so ba na iyawa."

Ta saurari sambatun da yarinyar ke yi cikin zazzaɓi, sannan ta ce, "Wannan yaren na san shi. Da shi babana ke faɗa in an ɓata masa miya."

Mahaifin nata, Baba Yohanna, mutumin Bogoro ne. A ƙuruciyarsa ya yi wa Turawan Italiya masu aikin titi kuku shekara da shekaru, yanzu ya tsufa yana zaune wajen 'yarsa a bayan asibiti. Da aka sallame mu, kullum bayan la'asar sai in hau keke napep in tafi, mu zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu. Ba a yi mako ba magana ta zaga unguwa, wai Hajiya Hauwa ta tsiri zuwa gidan Kirista da tsufanta. Na ce su yi ta yi, wanda jikarsa ke cin tuwo shi ke da lokacin surutu.

"Malama, ni fa Italiyancin kicin na iya," ya ce min ranar farko. "In kin ce in yi miki gaisuwar mutuwa da shi, ban san ta ba."

Na ce, "Na kicin ɗin nake so."

Jimla ɗaya ya fara ba ni, zan rubuta ta yadda kunnena ya ji, domin shi ma bai taɓa ganin ta a takarda ba: *La bambina manja il pane.* Wato yarinya tana cin burodi. Ni kuwa da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'yan firamare nahawu, ban iya haɗiye magana ba tare da na kwance ta ba. Na ce in ni ce nake ci fa? Ya ce *manjo*. In ke ce? *Manji*. Sai na gane dabararsu. Mu Hausawa a gaba muke canji, ina ci, kina ci, tana ci, ita kalmar ci tana nan ba ta motsa ba. Su kuwa wutsiyar kalmar suke murɗawa. In za ka ƙi abu, ka sa *non* a gaba, shi kenan. Kuma kamar mu, komai nasu ko namiji ne ko mace, *il* na namiji, *la* ta mace, sai dai rabon nasu ba irin namu ba ne. Shinkafar da muka sani mace tun kaka da kakanni, a wajensu namiji ce.

"To ita taliya fa?" na tambaye shi.

"Wannan mace ce, *la pasta*. Kuma ita ce sarauniyar gidan, Malama. Bature in bai gan ta ba yini guda, har direba sai ya sha zagi."

Wannan ce dariyar farko da na yi tun rasuwar. Ya kuma koya min yadda suke dafa ta: tumatir, tafarnuwa, gishiri, da man zaitun, ba daddawa, ba yaji, kuma a sauke ta tun tana da sauran tauri. Na ce wannan ai ɗanyen abinci ne. Ya ce in yi yadda ya ce. Man zaitun kuwa a Azare sai wajen masu maganin Musulunci, a 'yan ƙananan kwalabe da ake saya don shafawa da tofi. Na sayi guda huɗu, mai shagon ya yi min addu'ar Allah ya ba mai jiki lafiya, na ce amin.

Na dafa, na zuba a faranti, na zauna kusa da ita a tabarma. Kamar ɗalibar da aka tsayar gaban allo, na ce, "*La bambina manja la pasta.*" Ta ɗago kai da sauri. Tun zuwanta gidan nan, ranar ce ta fara kallo na kamar mutum. Ta dubi farantin, ta shaƙi ƙamshin, na ga maƙogwaronta ya motsa. Sannan ta ce, "*Non manjo.*" Ba na ci. Na ji ta sarai, kuma ban san ko murna zan yi da na gane ba, ko baƙin cikin abin da na gane. Daga nan ta ɓalle da magana kamar an fasa tulu, tana nuna ni, tana nuna ɗakin da ubanta ya yi jinya, ban tsinci ko kalma ɗaya ba.

Washegari na roƙi Baba Yohanna ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Binta ta ɗauko yarinyar. Ya yi mata magana a hankali, ta amsa, ya sake tambaya, ta sake amsawa. Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa.

"Faɗa min, Baba."

"Malama, ba duka na kama ba."

"Faɗi wanda ka kama."

"Ta ce ba za ta ci abincin matar da ta ƙi babanta ba. Ta ce yana kiran ki kina wucewa. Ta ce ko sau ɗaya ba ki ba shi abinci ba, har ya mutu."

Na ce ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ya ce shi bai taɓa jin sunan wannan abu a bakinsu ba, kuma ba ya jin suna da shi. Sai na ce to ya ba ni kalma biyu, yadda ake cewa na dafa, da yadda ake cewa ɗana. Ya ba ni. Na matsa gabanta, na dafa ƙirjina na ce, "*O kucinato per miyo filyo.*" Na dafa wa ɗana. Binta ta gane, ta tashi tana kwatanta yadda take karɓar kwano daga hannuna ta kai ɗakin. Ku sani, tunda na haife shi ban taɓa cewa ɗana game da shi ba, da Hausa ko da Fulatanci. Da bakin Turawa na fara faɗa, yana cikin ƙasa. Kukan da ban yi ranar jana'iza ba, a zauren nan na yi shi, a gaban baƙon namiji, ban ko rufe fuska ba. Yarinyar ta daɗe tana kallo na. Da yamma ta ci 'yar loma kaɗan daga hannuna.

Na ɗauka na yi nasara. Na aika wa Sale cewa takwarata ta fara ci, za ta zauna. Ta soma kira na *nonna*, wato kaka, ta zama ita ce malamata, in na murɗe wutsiyar kalma ba daidai ba ta gyara min tana dariya da giɓinta. Amma jikin bai dawo ba. Abincina kawai take ci, shi ma da wata ɗabi'a: sai ta ja layi da cokali a tsakiyar faranti, ta ture kaso mafi yawa gefe, ta ɗan taɓa ƙaramin, sannan ta rufe sauran ta hana kowa ɗauka. Na ɗauka tsirfar 'ya'yan Turawa ce. Damina ta ja baya, gero ya fara nuna, ita kuwa wuyanta yana ƙara tsawo. Wata rana da azahar na nuna kason da ta ture, na ce *manja*. Ta girgiza kai, ta ce, "*La mamma manja da sola.*" Kalmomin farko na san su, uwa tana ci. Na ƙarshen ne ban sani ba. Na riƙe shi a baki ina maimaitawa har gindin dalbejiya.

"*Da sola*," in ji Baba Yohanna. "Ita kaɗai kenan."

Ashe rabon uwarta take ajiyewa. A kan hanyar dawowa na ce wa mai keke ya tsaya, na sauka na taka da ƙafa, domin ina bukatar in yi tunani. Duk watannin nan ban taɓa tuna Luciya a matsayin mutum ba, Baturiya kawai nake cewa, kamar sunan wata ƙasa. An binne mijinta ba ta gani ba. 'Yarta guda ɗaya an riƙe, an hana ta ko jin muryarta. Ni da na rasa ɗaya ina da saura cike da gida, kuma ga yadda nake ji. Don in riƙe yarinyar na koyi yaren nan, sai ga shi yaren ya sa na ji abin da ba zan iya yin kamar ban ji ba. Na kuma san abin da Rifkatu ta faɗa yana nan yana jira, domin sauro bai ƙare ba.

Da safe Sale ya shigo gaishe ni, na ce ya kawo fasfon.

"Hajiya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Can za ta tashi ba salla ba salati. Gobe ƙiyama me za mu ce wa Yaya?"

"Za mu ce masa ba mu binne ta kusa da shi ba."

"Ai ta fara ci. Yaro ne, za ta manta."

"Ba za ta manta ba. Ni nake jin abin da take faɗa, kai ba ka ji."

Ya ce ya yi shawara da manya, magana ta riga ta ƙare, in yi haƙuri. Sai na yi abin da ban taɓa yi wa ɗa ba, kuma ba na fatan wata uwa a cikinku ta kai ga yin sa.

"Sale, ban taɓa yi maka baki ba, kada ka sa in fara da tsufana. In fasfon nan bai wuni a ɗakina yau ba, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Kafin azahar ya dawo, ya durƙusa, ya ajiye shi a gabana da hannu biyu, ya ce, "Ga shi, Hajiya. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Tuwon da na aika masa da yamma ya dawo ko murfin ba a ɗaga ba. Ina so ku ji wannan da kyau: Sale ba mugu ba ne. Tsoron da ya ji wa yarinyar tsoro ne na gaskiya, kuma ni ma ina da shi. Bambancinmu kawai, shi lahirarta yake hange, ni kuma ni nake yi mata wanka ina ganin haƙarƙarinta.

Binta ta samo lambar uwar a wayar marigayin, Baba Yohanna ya yi mata magana da Italiyancinsa na kicin, ba a daɗe ba ta sauka a Kano. Muka ɗauki mota ni da Binta da yarinyar, muka haye gadar Jama'are kogi cike, tana kwance a cinyata. A masaukin da ta sauka na ga wata mace siririya cikin baƙaƙen kaya, ta yafa ɗan gyale a kai don girmama ni. Yarinyar ta so ta ruga, ƙafafun suka kasa, uwar ce ta zube ƙasa ta tare ta. Da suka gama kukansu, Luciya ta buɗe jaka ta fito da burodi da cuku irin nasu. Na ga takwarata tana ci hannu baka hannu ƙwarya, ba layi, ba rabon kowa. Can ta gutsuro ta miƙo min ta ce, "*Manja, nonna.*" Ni da ban taɓa tauna ko goro a gaban suruka ba, na karɓa na ci. Na dubi Luciya, ina da magana cike da ciki, amma abin da nake da shi a baki ɗaya ne. Na ce, "*La bambina manja.*" Ta kama hannuwana biyu ta kifa fuskarta a kai.

Yanzu ga abin da na biya. Shekarun farko sukan bugo waya da Salla. In tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta ci, ta tambaye ni, in ce na ci, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna, domin Italiyancina bai taɓa fita daga kicin ba. Baba Yohanna ya rasu, wayar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Hoto na ƙarshe da Binta ta nuna min, budurwa ce doguwa mai kumatu, da goshin ubanta, kanta ba ɗankwali. Kuna tambaya ko tana salla. Ban sani ba, kuma da wannan rashin sanin nake kwana nake tashi, ba sai kun tuna min ba. In Ubangiji ya tambaye ni, abin da na sani zan faɗa: na karɓi yarinya tana mutuwa a hannuna, na mayar da ita tana cin abinci. Sauran yana wajensa, shi ne mai shiryarwa a Azare da Italiya.

Shi kuwa Sale, bai taɓa fasa gaishe ni da safe ba. Shi ke yi min cefane, shi ke kai ni asibiti, ba wanda zai ce ya ga ya ɗaga min murya. Amma tun daga ranar nan bai sake zama a tabarmata ya sa hannu a kwanona ba, shi da ko aure bai hana shi zuwa cin tuwona ba. Kullum in zuba nasa in rufe, kullum da safe a ɗumama wa yara.

Sale, in wannan rubutu ya zo hannunka ina da rai, tuwon yana nan inda ka san ana ajiye shi. Maganar nonon na janye ta tun a ranar, kafin ka kai ƙofar zaure. Ka zo ka ci. Ni ma na gaji da ci ni kaɗai.